Ranar da Mang Densyo Ya Hau Bene da Turanci

A garinmu na bakin tafkin Taal, duk wanda ɗansa ya ga yarinya ya kafe sai ita, abu biyu yake nema kafin ya doshi gidan iyayenta: tukunyar kifin tulingan da ta sha wuta, da kuma Mang Densyo mai aski. Mang a wurinmu kiran girmamawa ne ga dattijo, Aling kuma ga dattijuwa. Kifi kam kowace mace ta iya dafawa. Mang Densyo kuwa guda ɗaya ne tak, kuma ya san da hakan, abin da ya ɓata shi ke nan.

Neman aure a wurinmu pamamanhikan muke ce masa, wato hawan bene, don iyayen yarinya a sama suke zama su jira. Kuma uban da ya san ciwon kansa ba ya cewa ya bayar daga roƙon farko, sai a ce dama neman kai yake da ita. Kushe ta zai fara yi. Ya ce yarinya ce, ba ta iya dafa shinkafa ba, rana na tsaka take tashi daga barci. Aikin mai roƙo shi ne ya tare kowace kushe da amsa mai daɗi, uban ya sake ja, a sake lallaɓa shi, har ya yi ajiyar zuciya ya ce a buɗe tukunya. In kuwa masu nema suka ji a'a ta farko suka miƙe, to sun faɗa wa duniya cewa yarinyar ba ta kai a roƙa sau biyu ba. Wannan zagi ne da ba a manta shi, kuma tukunya a rufe take komawa gida.

Sau saba'in da ɗaya Mang Densyo ya hau benen mutane, bai taɓa saukowa da tukunya a rufe ba. Har yau ana ba da labarin wani uba da ya ce 'yarsa kullum sai ta ƙona shinkafa, shi kuwa ya dafa ƙirji ya ce ai Allah ne ya haɗa, yaron nasu da ƙanzo aka yaye shi, ba abin da yake so a duniya kamarsa. Tagalog ɗinsa, wato harshenmu na gida, irin na tsofaffi ne, mai zagaye, mai karin magana, wanda yake ɗaure mutum ba tare da ya ji igiya ba. Zawarawa sun yi kuka a gabansa, masu taurin kai sun yi dariya sun sallama.

To, sai ga nasa ya zo. Rodel, ɗansa ɗaya tilo, mai aiki a wani ofis a Manila, ya ce ya samu mata. Sunanta Charlene, a Kalifoniya aka haife ta, ta zo jana'izar kakarta shekara biyu da suka wuce suka haɗu. Ubanta Eusebio Macatangay ne, Sebyo ɗin da suka yi wasan ƙasa tare da Densyo a bakin tafki, wanda ya tafi Amurka shekara talatin da shida bai sake leƙowa ba sai a hoto. Sebyo ya aiko cewa zai taso takanas, kuma a gidan marigayiya mahaifiyarsa yake so a hau masa bene, yadda aka saba.

Wani zai yi murna. Mang Densyo kwana uku ya yi bai ci abincin kirki ba. Duk wanda ya taɓa roƙa wa aure ɗan wani ne. Wannan nasa ne, kuma ya ɗauka wa ransa cewa da bakinsa zai karɓo wa Rodel mata, ko da shi ne aikinsa na ƙarshe. Abin da ya hana shi sukuni harshen da zai yi roƙon da shi ne.

Ya zauna ya lissafa wa matarsa, Aling Soleng, tana tsince shinkafa. Ya ce ta duba da kyau. In ka je kotu, da Turanci alƙali zai ɗaure ka. In ka je asibiti, da Turanci likita zai rubuta abin da ke kashe ka. Takardar fili, takardar makaranta, kwalin magani, har gargaɗin da ke jikin gwangwanin fiya-fiya, duk Turanci. Tagalog fa? Kasuwa, cikin jifni motar haya, bakin murhu, zagin kare, faɗan maƙwabta. Duk maganar da take da nauyi a ƙasar nan takalmi take sawa ta yi Turanci. Yanzu mutumin da ya shekara talatin da shida yana gogayya da Turawa, a tare shi da harshen cinikin kifi? Ai sai ya ce 'yarsa gidan ƙauyawa za ta.

Aling Soleng ba ta ɗago ba. Ta ce ita dai da harshen cinikin kifin aka roƙo ta, kuma ba ta ga ta ruɓe ba. Ta ƙara da cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ya ce mata ba su san siyasar duniya ba, ya ɗauki hularsa.

Gidan Mam Fely ya nufa, tsohuwar malamar Turanci da ta yi ritaya, wadda rabin garin suka sha rula a hannunta. Ta ji daɗi ƙwarai, don an daɗe ba a nemi iliminta ba. Ta rubuta masa shafi biyu cif, da kalmomi masu tsawo irin waɗanda ko ita sai da ta leƙa ƙamus. Da ta miƙa masa, ta tambaye shi abin da zai ce in uban yarinya ya ja. Mang Densyo ya yi murmushin wanda ya san duniya. Ya ce Ba'amurke ba ya ja-in-ja, ya sha gani a talabijin, e ɗinsu e ce, a sha hannu a tashi. Don haka jawabin ya ƙare da godiya kawai.

Mako biyu garin nan bai huta ba. Duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya sha shafi biyu na Turanci, da aska a maƙogwaronsa, ba halin gudu. Direban jifni ɗaya ya rantse cewa shi ma ya haddace, in ana neman mai roƙon aure a Amurka a tura shi. Mang Densyo bai kula ba. Yana wanka yana yi, yana cin abinci yana yi, har inda zai rusuna a ƙarshe ya auna a madubin shago.

Ranar Lahadi bayan an sauko daga coci suka kama hanya. Shi a gaba cikin barong, rigarsa ta biki da ta sha sitati, Rodel a baya yana share gumi, Aling Soleng da ƙannenta ɗauke da tukunyar kifi da ƙullin kofi mai ƙarfi da muke kira barako. Gidan Macatangay ya cika maƙil. Dangi a sama, maƙwabta a tagogi da matakala, don abu biyu aka zo kallo: bakin Densyo, da kuma Ba'amurken da yayarsa, Aling Naty, ta shekara talatin tana cika wa mutane kunne da labarinsa.

Sebyo na tsaye a kan bene. Ya yi furfura, ya rame, silifas ne a ƙafarsa da wata tsohuwar riga ta gida. Da ya hango Densyo sai fuskarsa ta washe, ya buɗe hannuwa biyu, ya buɗe baki zai yi magana. Amma Mang Densyo yana tsoron in ya bari wata kalma ta shiga kansa jawabin zai zube. Sai ya riga shi, ya miƙa hannu ɗaya a sandare, ya gaishe shi da Turanci, har da yallaɓai.

Hannuwan Sebyo suka sauka a hankali. Ya dubi yayarsa, ya dubi tagogin da suka cika da kawuna, ya karɓi hannun ya amsa da Turanci shi ma. Me zai yi? An ɗaga masa tuta a gaban jama'a. In ya mayar da Tagalog, ko dai a ce ya raina Turancin baƙonsa, ko a ce shekara talatin da shida a banza ya yi su.

Aka zauna, Mang Densyo ya miƙe ya fara. Gaskiya bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, wannan a ba shi. Sai dai abin da ya fito ba roƙon aure ba ne, takardar neman aiki ce. Yana mai farin cikin gabatar da wannan buƙata a madadin iyalinsa. Bisa la'akari da kyawawan halayen wanda ake magana a kansa. Yana fatan za a duba da idon rahama. Tsofaffin da suka taho da hankici don share hawaye suka riƙe abinsu a bushe, suna gyaɗa kai a inda ba wurin gyaɗawa ba. Charlene, wadda ita kaɗai ce a ɗakin ta fahimci kowace kalma, ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe. Saura layi ɗaya Mang Densyo ya tsaya ya ja numfashi, kamar yadda ya saba yi a gaban madubi.

Sebyo ya ɗauka an zo wurin da uba yake ja. Ya gyara zama, ya lalubi Turancin da yake da shi, ya ce, "A'a. Ba ta shirya ba. Ba ta iya girki ba."

Da a harshen gida ya faɗa, da ya naɗe maganar cikin tsumma uku, da murmushi, da kiran sunan iyaye. A Turanci kuwa tsirara ta fito, gajera, kamar ɗan sanda ya tsayar da mota.

Kowa ya juya ga Mang Densyo, don nan ne wurin da yake cin kasuwarsa. Kuma Allah ya sani amsa tana nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun yi layi a maƙogwaronsa suna turereniya. Sai dai duk da Tagalog suka zo. Ya leƙa cikin kansa ya nemi Turanci, ya tarar da shafi biyun nan sun ƙare saura layi ɗaya. Ga shi kuma bai tabbata ba, wannan a'a ta gida ce mai jiran lallashi, ko ta Amurka ce da ba a ja da ita? Aling Soleng ta mintsine shi a cinya ta raɗa masa ya yi magana kamar mutum. Ya ɗaga ido ya hango Mam Fely a taga, da direban jifni, da duk waɗanda ya cika wa kunne mako biyu. Ya sauko yanzu, a gabansu, a ce Turancin ya ƙare masa a tsakiyar hanya? Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma ranar nan ya naɗa shi har kunne.

Ya faɗi layin da ya rage. "Na gode ƙwarai da lokacin da ka ba mu, yallaɓai." Jikinsa kuma ya yi abin da aka koya masa, ya rusuna, ya ja da baya.

Aling Naty ta dafe ƙirji ta kira sunan Budurwa Maryamu. Ta miƙe ta ce tunda 'yarsu ba ta kai a buɗe baki sau biyu a kanta ba, ga matakala nan. Sebyo ya zauna kamar an dasa shi, yana kallon ƙasa. Charlene tana ta tambayar Rodel abin da ya faru. Tukunyar kifi ta sauko a rufe, karo na farko, kuma Aling Soleng ce ta ɗauko ta a gaban duk garin.

A gida Rodel bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya haɗa jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa ubansa, "Tatay, 'ya'yan mutane saba'in da ɗaya ka roƙa wa. Nawa auren ne ya fi ƙarfinka?" Ya tafi tasha. Wannan magana ta fi dariyar gari yi wa Mang Densyo ciwo, kuma dariyar ba kaɗan ba ce, har yara suna rusuna wa juna a hanya suna godiya da lokacin da aka ba su.

Bai zauna ba. Ya tura ƙanin Soleng ya ba da haƙuri, Aling Naty ta ƙi buɗe ƙofa. Ya tura fada na coci, ta ba shi kofi ta sallame shi. Ya kira Rodel a waya, ba a ɗauka. Duk da haka bai fid da rai ba, yana ta shirya abin da zai faɗa in an sake ba shi bene, wannan karon da harshen uwarsa, kuma ya san in ya samu minti goma a gaban Sebyo aikin ya ƙare.

A mako na uku, ranar Laraba da hantsi, shago ba kowa, sai ga Sebyo ya shigo shi kaɗai. Bai yi sallama ba. Ya zauna a kujerar aski ya dubi madubi. Mang Densyo ya yafa masa zane, ya ɗauki almakashi ya fara rage gefe ɗaya, yana neman ta inda zai faro. Sai bakinsa ya suɓuce ya tambaya da Turanci ko a rage sosai.

"Kai Densyo, ɗan Aling Pilar mai kifi," in ji Sebyo, da Tagalog ɗin bakin tafki tsantsa, wanda ko a Manila ba a jin irinsa, "uban wa ya ce maka ni Bature ne? Ni da kai ba mu saci gwanda a gonar fadan coci ba?"

Almakashin ya tsaya. Daga nan Sebyo ya buɗe ciki, yana magana da madubi. Ya ce shekara talatin da shida tsofaffin Turawa yake wa wanka a gidan kula da gajiyayyu. Turancinsa duka bai wuce na karɓar umarni ba, juya shi, ɗaga shi, yessa. Tagalog kuwa a can a ɗakin shan shayi ake yin sa da raɗa, shi da 'yan'uwansa ma'aikata, in shugaba ta shigo a yi shiru kamar an kama ɓarayi. A gidansa shi da kansa ya hana, don kada Charlene ta tashi da karin harshen baƙi a yi mata dariya a makaranta. Ya kuwa yi nasara, ba ta jin ko kalma goma. Tun da matarsa ta rasu, shekara tara ke nan, ba wanda ya kira shi cin abinci da harshen da aka haife shi a ciki.

"Naty ta sha ba ni labarinka a waya," ya ce. "Ta ce kana sa dutse kuka. Na ce ni ma sau ɗaya a rayuwata zan zauna a benen uwata a roƙe ni, in ƙi, a sake roƙona. Abin da ya hau da ni jirgi ke nan. Sai ka zo ka karanta mini takarda."

Kunya ta rufe Mang Densyo har ya rasa inda zai sa idonsa. Amma murna ma ta zo, don ga ƙofa ta buɗe. Ya ce Lahadi mai zuwa za su sake hawa, da sabuwar tukunya, kuma ya rantse ko kalmar Turanci ɗaya ba za ta fito daga bakinsa ba.

Sebyo ya girgiza kai. Ya ce ba sauran bene. Yaran sun gaji da shirmen tsofaffi, jiya suka je gaban wani alƙali a Manila. Da Turanci aka tambaye su, kowa ya ce e sau ɗaya, minti goma an gama. Shi ma a waya aka gaya masa, kuma gobe jirginsa zai tashi.

Mang Densyo ya dafa bayan kujera. Ɗansa ya yi aure, ba wanda ya roƙa masa, ba wanda ya ba shi. Abin da ya tanadi bakinsa dominsa shekara da shekaru ya wuce yana nan yana wasa aska. Ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka, sai dai akwai mutum a kujera da rabin aski.

"Roƙe ni," in ji Sebyo.

"Me ya rage da zan roƙa?"

"Ni dai roƙe ni. Nan ma ya isa."

Mang Densyo ya ajiye almakashi. Ya gyara wuyan rigarsa mai gashin mutane, ya tsaya a bayan kujera, suka haɗa ido a madubi. Ya fara da sunan mahaifiyar Sebyo, da sunan kakarsa mai saƙar taru, ya bi gidansu ɗaki ɗaki yana yabo, kafin ya iso kan yarinyar da bai taɓa yin hira da ita ba. Bai taɓa magana irin ta ranar nan ba, kuma ba mai ji sai mutum ɗaya da fanka mai ƙara. Sebyo ya ce yarinya ce, ba ta san komai ba. Aka ba shi amsa. Ya ce ba ta iya girki ba, ko ruwa ta ɗora sai ya ƙone. Aka ba shi amsa har ya yi dariya hawaye na zuba. Sai ya ce, murya ƙasa ƙasa, ba ta jin harshenmu, kuma laifina ne. Mang Densyo ya ce ai nasa ɗan yana ji sarai, ga shi bai hana shi tafiya ba tare da ubansa ba.

Sebyo ya share fuska da zanen aski, ya yi ajiyar zuciya irin wadda ake jira.

"Na ba ku ita, Densyo," ya ce. "Ka gaya wa ɗanka in ya ɗauki waya. Ni in zan faɗa wa tawa, da Turanci zan faɗa, kuma cewa za ta yi ai ta riga ta sani."

Mang Densyo ya ɗauki almakashi ya koma ɗaya gefen kan, wanda bai taɓa ba tukuna.